Wayar da Na Ja wa Firji Shi Kaɗai

Sih, Madina
Laraba, bayan La'asar

Ummina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida mijinki Mu'azu, da fatan kun yini lafiya a saman bene. Allah Ya sanya albarka a tafiyar nan taku ta Asabar ta sama, Ya kai ku arewa lafiya, Ya tsare ku daga sharrin hanya, da na ƙarfe, da na rana.

Na san dariya za ki yi. Uba yana ƙasa, 'yarsa tana sama, matakala goma sha huɗu ce tsakaninsu, amma sai da aka nemo biro da takarda. Yi dariyarki, ai na gwada baki. Shekaranjiya na tsare ki a tsakar gida na fara bayani, kina ta ce min "Ɗayyib ya Baba, ɗayyib," idonki na kan jawwal, wato wayar hannu, yatsa na ta shafa fuskarsa. Na san wannan ɗayyib ɗin, "to" ɗinki ta Larabci, tun kina firamare kike sallamata da shi. Kuma da gangan na rubuta da Hausa. Da Larabci ne, kallo ɗaya za ki yi mata ki ce kin karanta. Bokon Hausa kuwa dole ki zauna ki bi shi kalma-kalma, kamar yadda na sha fama da shi lokacin da ɗaliban jami'a 'yan Nijeriya suke koya min a warshata, garejina na unguwar Ƙiblatain, ni ina gyara musu wutar tsofaffin motocinsu, su suna gyara min baƙaƙe.

Ga abin da ya hana ni sakat. Wata huɗu za ki yi a gonakin wajen Tabuka kina duba raƙuma da tumaki, gidanku kuma shi ne karafan ɗin nan, ɗakin da mota ke ja, da ke fake a gindin katangarmu. A cikinsa akwai firji, a cikin firjin kuma allurarki ta insulin za ta zauna, wadda ba ki taɓa yini babu ita ba tun kina shekara tara. Firjin batir yake ci. Batir kuwa ba ya magana sai ta bakin agogon nan da kuka sayo, mai nuna saura nawa. In an ja wayarsa daidai, zai gaya miki gaskiya tun da sauran lokaci. In an ja ta a karkace, zai yi ta kwantar miki da hankali har maganin ya ɗumame, ke kuma kina nesa da asibiti.

Kin ce ke za ki ja wayar da hannunki. Da na ɗauko jakar kayan aiki kika tare ni a ƙofa, kika ce, "La, ya Baba. In ta lalace a can, kai za ka zo? Halas, shi ke nan, bari in san hanyarta da kaina." Ba zan ɓoye miki ba, na ji haushi. Shekara arba'in ina wannan sana'a, yau likitar raƙuma ta ce in ajiye jaka. Amma kafin in shanye kofin shayi haushin ya koma alfahari, zuwa Magariba kuwa babu wanda bai ji labari ba a ƙofar masallaci. Gaskiya kika faɗa. To tunda hannuna ba zai shiga ba, ga kurakuraina nan, ki karɓa. Duk a tsohon karafan ɗinmu na tafka su, farin nan mai ratsin kore da muke fita sahara da shi lokacin hutu kina ƙarama.

Mu fara da hannunki. Kin san tabon nan na yatsana na dama, wanda na gaya muku ke da yayyenki cewa butar shayi ce? Ba buta ba ce. Ranar da na fara ɗaura agogo a tsohon karafan, Juma'a ce, ina sauri in gama in tafi masallaci, sai ban kwance baƙar waya daga batir ba. Na sa sufana a kan jan kan batir, gindin sufanar ya taɓa ƙarfen jikin karafan, zoben azurfata yana tsakani. Tartsatsi ya tashi, na yi wata ƙara da ban san ina da irinta ba. Zoben ya yi zafin da sai da na tsoma hannu a bokiti kafin ya ciru. Innarki ta leƙo ta taga ta ce, "Sannu, Usta." Kin dai san ba ta kirana Usta, wato gwanin sana'a, sai na yi abin kunya.

Ke kuma amarya ce, hannunki duk awarwaro. Ki cire su tas, har zoben, ki naɗe mayafinki ta baya. Ki kashe sola, ki zare wayar da ta taho daga cikin gida, sannan ki kwance baƙar wayar batir. Ita ce ta farkon fita, ita ce ta ƙarshen komawa. Kuma kada ki soma aikin in akwai wani abu da ke jiran ki bayan awa ɗaya, ko da biki ne, ko da baƙi ne. Awarwaron ki ba Mu'azu ya riƙe miki, aikin da ya dace da shi ke nan. Ba raina shi nake ba, yaro ne mai hankali da ladabi, kuma ina son sa. Sai dai ranar da na miƙa masa filaya, hannu biyu ya sa ya karɓa har da godiya, kamar na ba shi dabino.

Sai wurin zaman shant, ɗan ƙarfen nan mai noti biyu da ya zo a kwali ɗaya da agogon. Shi ne mai ƙirge. Duk wutar da ta shiga batir da wadda ta fita ta jikinsa take bi, shi kuma ya aika wa agogo labari ta siririyar waya. Ni da wayona, na duba na ga wani lungu a ƙarƙashin matakalar ƙofa, kusa da batir, babu mai taɓawa. Na ɗaure shi a can ina yaba kaina. Abin da ban lissafa ba shi ne Hajiya, mahaifiyata, mai sunanki, Allah Ya jiƙanta. Gwiwarta ba ta yarda ta tsuguna, don haka a kan wannan matakalar take zama da butarta ta yi alwala. Da aka ga wurin ya yi daɗin zama, kowa ya mai da shi wurin alwala, har da ni. Ni da kaina na riƙa zuba wa aikina ruwa sau biyar a yini, ina tashi ina addu'a. Kafin hutu biyu notunan sun yi kore, agogo ya haukace. Yanzu ya ce saba'in cikin ɗari, an jima ya ce goma, an jima ya ɗauke gaba ɗaya.

Waɗanda suka rubuta takardar da ke cikin kwalin ba su san da buta ba. Za su ce miki wuri busasshe kusa da batir, shi ke nan sun gama. Ke ki yini guda a cikin karafan ɗin tukuna. Ki yi alwala inda jikinki ya kai ki, ki dafa shayi, ki wanke kofi, ki ga inda Mu'azu ke zubar da ragowar ruwa. Inda ruwa bai je ba a yinin nan, nan ne wurin shant. Ki ɗaga shi daga ƙasa kamar taƙi ɗaya, wayar da ke tsakaninsa da batir ta zama gajera, kaurinta daidai da na wadda kika tarar a kan batirin. Siririyar jar wayar nan kuma da ke ba shi wuta, fis ɗinta ya zauna dab da kan batir, ba can tsakiyar hanya ba.

Yanzu maganar da muka yi gardama a kanta. Kin ce ba sai kin wahala da jan waya zuwa bango ba, tunda shant na zamani yana magana da jawwal. Na ji, kuma abin ya burge ni. Amma jawwal ɗin a aljihunki yake, ke kuma kina can garke hannunki cikin bakin raƙumi. Wa ke cikin karafan? Mu'azu ne, da kwamfutarsa, da na'urar intanet ɗinsa, da fankarsa, duk suna zuƙar batir ɗaya da firjinki. Ki ja wayar, Ummi. Ki kafa agogon daidai inda idonsa ke sauka in ya ɗago daga aiki, ba bayan ƙofa ba, ba cikin kabad ba. Ki gaya masa da bakinki cewa in ya ga rabi, kwamfuta ta kwanta, firji ya ci. Kada ki ji nauyin faɗa masa. Mutumin da ya yarda ya kwashe ofishinsa ya bi matarsa jeji ba zai ƙi kashe kwamfuta ba, sai dai in ba a gaya masa ba.

Hanyar da za ki bi da wayar kuwa, a kanta ne ni da Innarki muka yi kwana uku muna gaisuwar maƙwabta. Na cusa wayar agogon a cikin bango, na ratsa ta a gicciye daga wannan kusurwa zuwa waccan, don ita ce hanya mafi kusa, kuma ba na son a ga waya a fili a ce aikin Idi babu tsafta. Ban gaya wa kowa ba. Innarki kuma ba ta taɓa shiga kicin, ko na kwana biyu ne, ba ta rataye kayanta ba: matankaɗi, da muciya, da jakar kuka da daddawa da ƙanwarta ke aiko mata daga Kano ta hannun alhazai. Ta sami ƙusa, ta sami dutse, ta buga. A duk faɗin bangon nan ƙusar ba ta ga wurin shiga ba sai tsakiyar wayata. Agogo ya ɗauke. Na kwance shant, na kwance agogo, na auna fis, na yi ta ƙunƙuni, ina yi ina ture jakar kukar nan da goshina don tana tare min haske. Sai a rana ta uku na ɗaga ido na ga abin da jakar ke rataye a jikinsa.

Na fito ina huci na ce wa ya buga ƙusa a nan. Ta ce, "Ni ce. Ka gaya min akwai waya?" Na ce ai mai hankali zai tambaya. Ta ce, "To, daga yau zan riƙa yi wa bango sallama kafin in taɓa shi." Hajiya na zaune tana jan carbi, ta yi dariya har ta manta inda ta tsaya.

Don haka ki bi kusurwa. Ki bi inda bango ya haɗu da ƙasa, ki bi bayan kabad da ƙarƙashin kujera, inda babu mai tunanin rataye komai. In hanyar ta yi nisa, ta yi, waya ba ta gajiya. In dole ki huda, ki buɗe ɗaya gefen ki gani da idonki tukuna, don bututun gas da na ruwa suna kwance inda ba ki zata ba. Ni na taɓa huda na ruwa, amma wannan labarin na bar wa Baffanki Haladu, ya fi ni iya ba da shi, kuma ba ya gajiya. Duk ramin da waya za ta ratsa ƙarfe, ki sa masa zoben roba, in ba haka ba girgizar hanya za ta sa bakin ƙarfen ya yi ta cin ta har ya kai ga tagulla. Kada ki ja ta tsam, ki bar mata ɗan sako-sako a kowace kwana, ki ɗaɗɗaure ta a jere don kada ta yi lilo. Ki nesanta ta da manyan wayoyin inbata, na'urar da ke mai da wutar batir irin ta gida, suna rikita mata lissafi. Ki toshe kowane rami in kin gama, saboda ƙura, da kuma ɓeran da zai biyo ƙamshin daddawar da na tabbata Innarki ta riga ta ƙulle miki. Daga nan ki zana hanyar a takarda, ki manna a cikin ƙofar kabad, ki kama hannun Mu'azu ki nuna masa bango-bango. Duk abin da kika binne a gidan da ba ke kaɗai ke ciki ba, ki gaya wa abokin zamanki inda yake. Na daɗe ban koyi wannan ba, kuma ba a kan waya kaɗai ba.

To, yanzu ki gyara zama. Duk waɗancan na faɗe su ne don in sami ƙarfin faɗin wannan.

Kina tuna hutun da muka katse, kina shekara goma sha ɗaya? Wanda muka bar Baffanki da Hajiya a kwari suna gadin karafan, mu muka taho Madina da tsakar rana? An gaya miki batir ne ya mutu. Ni na faɗa, kuma kowa ya yarda, don wa zai yi gardama da mai gyaran wuta a kan batir? Batirin nan lafiyarsa ƙalau. Laifin ubanki ne.

Ga yadda aka yi. Ƙa'idar shant guda ce. Noti ɗaya na batir ne shi kaɗai, babu abin da ke raɓarsa. Ɗaya notin kuma na kowa da kowa ne: baƙar wayar fitilu, da ta famfo, da ta caja, da ta firji, har da wadda ke ɗaure a jikin ƙarfen karafan. Na san wannan ƙa'ida kamar yadda na san sunana. Amma bayan abin da ruwan alwala ya yi min, sai na daina amincewa da shant ɗin. Na ce a raina, maganin Ummi ba zai dogara da wannan ɗan ƙarfen ba, in ya sake yin tsatsa fa? Sai na ja wa firji wayarsa shi kaɗai, sabuwa dal, mai kauri, daga kan batir kai tsaye. Wallahi ina jan ta ina jin daɗi, ina ganin babu uban da ya kai ni kula. Na san agogo ba zai ga abin da firji ke ci ba, na ce ba komai, zan riƙa lissafa shi a ka. Wata uku aka yi kafin mu sake fita. Na manta.

Lokacin ba mu da sola, ɗan janareta ne, Hajiya kuma ta tsani ƙararsa, ta ce yana hana ta jin karatunta. Kullum da safe in duba agogo, ya ce casa'in da wani abu, in ce wa Hajiya ta huta, yau ma ba sai an tayar ba. Ta yi ta sa min albarka. Abin da agogon ke gani kawai fitila biyu ne da famfo, firji kuwa yana can yana ci ta bayan gida, ga zafi ya fara shigowa.

Rana ta uku, gab da Azahar, Innarki ta buɗe firji za ta dama fura. Ta ɗanɗana nonon. Ta sa hannu can ciki inda allurarki take, ta juyo ta dube ni. Ba ta ce Usta ba. Ta ce, "Malam, ɗumi." Na dubi agogo, yana nan daram a kan casa'in. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ba mu san tun yaushe firjin ya tsaya ba, ko da safe, ko tun jiya, cikin karafan kuwa kamar tanda, kuma babu mai yin caca da maganin da zafi ya taɓa. Awa uku ce tsakaninmu da Madina.

Na kwance mota daga karafan. Innarki na gaba tana salati ƙasa-ƙasa, tana juyowa tana duba idonki. Ke kuwa ko a jikinki. Kin manna goshi a gilashi kina ƙirga raƙuma, kina raɗa musu suna, wannan Baffa Haladu ne saboda leɓensa, waccan Hajiya ce saboda tafiyarta. A hanyar nan ce kika fara cewa likitar raƙuma za ki zama. Na riƙa taya ki dariya don kada ki gane, hawaye na bin gemuna. Muka isa asibiti, aka auna, sukarin ya ɗan hau, amma Allah Ya rufa asiri, aka ba mu sabon magani. Da yamma kina tsakar gida kina tsallen igiya.

Bayan kwana biyu Baffanki ya jawo karafan da tasa motar. Na buɗe akwatin batir, idona ya sauka a kan sabuwar wayata, mai kauri, mai kyau. Minti biyu ya ishe ni in mai da ita inda ya kamata. Na rufe akwatin na yi gum. Kafin nan na riga na ɓata wa mai shagon da ya sayar min da batirin suna a majalisa, bawan Allah bai ji ba bai gani ba. Sai da aka yi azumi biyu kafin na iya taka shagonsa na roƙi gafara. Ya ce ya yafe, ya jawo min kujera ya zuba min shayi, na sha da kyar don kunya.

Jiya na ce wa Innarki zan rubuta miki gaskiyar maganar, ita ma gara ta ji daga bakina. Tana tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ai na sani tun a makon. Mutumin da ke zagin mai batir safe da yamma ya wayi gari ya daina, kana tsammani ba ni da kunne?" Shekara goma sha biyar matar nan tana riƙe da wannan ba ta taɓa goranta min ba, ita da har yau ba ta bar maganar ƙusa ba. Na zauna na taya ta tsintar shinkafa.

Saboda haka, Ummi, kada ki yi wa firji gata. Ya bi layi ɗaya da kowa, ta notin kowa da kowa. In kina tsoron shant zai lalace, ki gyara masa wurin zama, ba ki kewaye shi ba. Kuma kada ki taɓa cewa za ki riƙe a ka, kan da ya fi naki tsufa a sana'ar ya gwada. In kuwa kin yi kuskure, kuma za ki yi, ki faɗa wa Mu'azu a ranar, kafin bakinki ya nemo wanda za a ɗora wa. Ni kin ga tsawon lokacin da nawa ya ɗauka kafin ya iso gare ki. Ki yafe min.

In kin gama, kada ki yarda da kyan aikin, ki gwada shi. Ki cika batir taf, ki gaya wa agogo girmansa kamar yadda aka rubuta a jikinsa. Ki kashe komai, ki ga lambar wutar da ke fita ta koma kusan sifili. Ki kunna fitila, ki ga ta motsa. Ki kunna famfo, ki ga ta motsa. Ki jona kwamfutar Mu'azu. Daga ƙarshe firji. Ki zauna ki jira shi ya fara gurnaninsa, idonki a kan agogo. In ya yi gurnani lambar ba ta motsa ba, kada ku ɗaga ƙafa daga Sih sai kin gano wayar da ta tsallake. Haka sola, in rana ta hau, ki tabbata agogo ya nuna wuta na shiga. Bayan kun yi tafiyar farko a hanyar da ba kwalta, ki sake bin notunan da sufana, girgiza tana kwance su. Ki sa ma'aunin sanyi a cikin firjin, ki tanadi ɗan akwatin ƙanƙara na ko-ta-kwana, ki kula kada maganin ya jingina da bangon baya ya daskare, wannan kam kin fi ni sani. Kuma ki riƙa ajiye nono, don harshen Innarki ya riga agogona gano gaskiya.

Kin ce gobe Alhamis za ki fara. Na yi alkawari ba zan leƙo ba. Zan dai fito da kujerata ƙofar gida bayan La'asar, iska zan sha, kuma ba laifina ba ne in iskar ta fi kaɗawa ta wajen karafan. In kin ji na yi tari, tari ne kawai. In kin kira ni, zan zo in duba da ido, hannuwana a baya.

Saura abu ɗaya, shi kuma ba umarni ba ne. Tun daga wancan hutun, kullum in na dawo daga masallaci da safe, kafin in cire hula, nakan buɗe firjin gidan nan in ɗora bayan hannuna a kan kwalin maganinki. Ba wanda ya sa ni, ban kuma gaya wa kowa ba. Ko da kika yi aure kika hau sama, na nace a bar ajiyar a namu firjin, na ce ya fi sanyi. Ƙarya ce, naku ya fi namu. Jiya da yamma kika sauko kika kwashe maganin, kika ce gara ki saba tun yanzu. Na ce madalla.

Yau da safe na dawo, ƙafata ta kai ni, na buɗe, na miƙa hannu. Sai na ji shi a kan tukunyar miyar jiya. Innarki ko kwana ɗaya ba ta bari wurin ya yi babu komai ba. Na tsaya riƙe da ƙofa ina dariya ni kaɗai, dariyar ta zo da ruwan ido, ban hana ta ba. Tana bakin gas tana haɗa shayi, ba ta juyo ba ta ce, "Rufe mana firji, Malam, sanyi na fita. Yarinya ta girma." Na rufe.

Ta girma kuwa, alhamdu lillahi. Ina murna, Ummi, murnar da na rasa inda zan ajiye ta. Yarinyar da na yi ta tsoron kada ta yi nisa da firji, yau ita ce za ta ja nata firjin ta tafi da shi inda take so. Gadin nan na riƙe shi iya ƙarfina, galibi da kyau, sau ɗaya da mugun kuskure. Daga yau naki ne.

Allah Ya yi miki albarka, ke da mijinki. Ya ba hannunki sa'a, Ya miƙe muku hanya, Ya saukar da ku cikin mutanen kirki, Ya dawo mana da ku lafiya kuna dariya. Innarki na gaishe ku. Ni kuma na miƙa ajiyarki ga Wanda ajiya ba ta lalacewa a wurinSa.

Wassalam.

Mahaifinki,
Idrisu